Kwale-kwalen Gwaggo Sáu

Cồn Dứa, farkon damina

Zuwa ga Mamata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ina gajiya, ina aiki? Yaya jikin tsohon da kike jinya a can Taiwan, yana dai barin ki ki huta? Yaya ciwon bayanki? Mu nan duk lafiya. Kaka tana gaishe ki. Ƙanena Lượm ma da yana magana da ya gaishe ki.

Mama, kada ki yi mamakin ganin takarda alhali muna waya ranar Lahadi. Kin san halina. Idan aka miƙo mini wayar Kaka tana tsaye a kaina, sai bakina ya yi nauyi, ba abin da ke fita sai "lafiya lau". A rubuce na fi iya magana.

Lượm ya ƙara nauyi tun da ya shiga shekara bakwai. Har yanzu wuyansa ba ya tsayawa, hannunsa na dama kuma a dunƙule yake kamar yadda kika bar shi. Kaka ba ta iya ɗaga shi sosai yanzu, sai na dawo daga makaranta nake yi masa wanka.

Makon jiya wata mata ta zo gidanmu a kwale-kwale mai ƙaramin inji. Gwaggo Sáu ake kiran ta. Daga wata ƙungiya take a cikin gari, masu bin gidajen da ke da yara irin Lượm. Shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama, ƙafarta ta hagu siririya ce, da sanda take tafiya. Amma da kin ga yadda ta ɗaure kwale-kwalen ta hawo gangaren laka ɗin nan namu da kika sha zamewa a kai. Na ruga zan kama ta, ta ce in riƙe mata hularta kawai.

Tun da Kaka ta ji ƙarar inji ta yi mini ido. Na ɗauke Lượm daga ragar lilo na kai shi ɗakin baya na saki labule, kamar yadda muke yi duk ranar da aka yi baƙi.

Na zaci matar za ta fito da takardu. Ko ɗaya. Ta tarar da Kaka tana feƙe ganyen kwakwa na tsintsiya, sai ta zauna a ƙasa ta ɗauki ɗaya wuƙar ta kama aiki. Ta ce, "Inna, wannan wuƙar taki ko ayaba ba za ta yanka ba." Kaka ta ce ai ba ita ta gayyato ta ba, balle ta raina mata wuƙa. Suka yi ta hirar agwagi da ruwan gishirin da ya shigo gonaki bara, har sai da Kaka ta yi dariya. Ban san rabona da jin dariyarta ba.

Can Lượm ya yi wannan kukan nasa na neman mutane. Kaka ta ce mage ce. Gwaggo Sáu ba ta ɗago kai ba, ta ce lallai magen nan tana da murya. Da za ta tafi ta juya wajen labulen ta ce, "Saurayi, yau hirar tsofaffi aka yi. In na dawo taka ce." Kaka ta ɗaure fuska, amma ba ta ce kada ta dawo ba.

Na raka ta bakin ruwa. A nan ta gaya mini akwai wani gida a cikin gari da ake kai yara irin Lượm da safe a ɗauko su da yamma. Ana miƙar musu da gaɓoɓi, ana koya musu zama da cin abinci da nuna abin da suke so, har keken guragu ake bayarwa. Sai dai dole mutanen ofishi su zo su gan shi su rubuta halin da yake ciki, in ba haka ba ba za a karɓe shi ba. Ta ce Lượm yana da wayo, ta ji a muryarsa. Ba wanda ya taɓa faɗin haka a kansa, Mama.

Don Allah ki yi wa Kaka magana ranar Lahadi. Ke tana jin taki ko da ta nuna ba ta ji. Ba na so ya girma a ɗakin baya.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci.

'Yarki,
Mận

Cồn Dứa, tsakiyar damina

Mamata,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fata sanyin da kika ce ya kama ki ya sake ki. Na gode da kika yi wa Kaka magana. Ta yi kwana biyu ba ta kula ni, daga baya ta ce to, mutanen ofishin su zo.

Sun zo, Mama, amma abin ya lalace.

Tun da sassafe Kaka ta sa na share tsakar gida har bakin ruwa. Ta yanka agwagwa. Ta yi wa Lượm wanka da kanta, ta shafa masa man kwakwa a kai ta taje, ta sa masa jar rigarsa ta Tết, bikin sabuwar shekara. Sannan ta zaunar da shi a kujerar baƙi, ta cusa matasai hagu da dama, ta ɗauki gyalenta ta zagaya ƙirjinsa ta cikin riga ta ɗaure a bayan kujera yadda ba wanda zai gani. Hannun da ke dunƙule ta rufe shi da tawul mai furanni. Na ce mata Gwaggo Sáu ta ce a bar shi yadda yake. Ta ce ita ba za ta nuna wa ma'aikatan gwamnati jikanta a kwance kamar buhu ba, ba a gidan nan ba.

Maza biyu ne da mace ɗaya. Suka sha shayi, suka yaba agwagwa. Matar ta tambaya ko yana cin abinci da kansa. Kaka ta ce sosai, har sai an ƙwace. Ko yana zama? Ta ce ga shi kuwa a zaune. Ko yana tafiya? Ta ce lalaci ne kawai irin na ubansa, yana nan tafe. Ta ce ai mu ba mu da wani kuka, komai lafiya, su ƙara nama. Ba su yi wani mugun abu ba, Mama, abin da aka faɗa musu suka rubuta. Lượm kuwa ya ga mutane da yawa, sai murmushi yake ta yi.

Gwaggo Sáu ta so ta kasance a wurin, ruwa ne ya janye kwale-kwalenta ya maƙale a laka. Sai bayan sun tafi ta iso, laka har gwiwa.

Amsa ta zo. An ce lalurarsa mai sauƙi ce, ba ya cikin waɗanda za a karɓa.

Na ɗauka Gwaggo Sáu za ta yi fushi. Da ta ji labarin gyalen sai ta zauna a bakin ƙofa ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce wa Kaka ba ita ce ta fara ba. A wani gida ɓoye sandunan yaro aka yi a bayan buhunan shinkafa, a wani kuma aka tsayar da yarinya a jikin ginshiƙi aka ce hoto take so a ɗauke ta. Ta ce, "Mu mutanen nan ko gidanmu na cin wuta, in baƙo ya shigo sai mun ce masa ya zauna ya sha shayi." Kaka ta ce ita dai ba ta yi ƙarya ba, mutunci ta tsare.

Daga nan Gwaggo Sáu ta daina dariya. Ta ce akwai sauran hanya ɗaya. A kai shi babban asibiti likitoci su duba shi da kansu, abin da suka rubuta shi ne zai tsaya. Amma sai babbar gida ta kai shi da ƙafarta, kuma daga mashigin jiragen ruwa zuwa tashar mota sai an ratsa kasuwa.

Kaka ta ce a'a. Ta ce alhakin wani abu ne da aka aikata a rayuwar baya, namu ne, mu za mu ɗauka, ba sai an kai shi kasuwa an baje ba. Baffa Hai ma ya zo da yamma ya ƙara mata ƙarfi. Kin san ana neman auren 'yarsa. Ya ce idan dangin mijin suka ga yaron za su ce a jininmu abin yake.

Na shiga na kwance masa jar rigar. Gyalen ya yi masa shaida a ƙirji.

Ki yi haƙuri da wannan labarin marar daɗi.

'Yarki mai kewarki,
Mận

Cồn Dứa, lokacin da ruwa ya cika

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙon da kika aiko ta hannun Anti Lệ. Rigar ta yi mini daidai. Kin ce in daina damuwa, ina ƙoƙari.

Gwaggo Sáu ba ta daina zuwa ba. Ba ta sake ta da maganar asibiti ba, ko sau ɗaya. Tana zuwa ta yi feƙen tsintsiya da Kaka, su yi faɗansu na wuƙa, sannan ta ce bari ta gaida saurayinta, ta ɗaga labule ta shiga. Ranar farko Kaka ta buɗe baki za ta hana, sai ta ga matar ta riga ta ajiye sanda ta ja jiki ta kwanta a tabarma kusa da shi, fuska da fuska.

Ta koya mini abubuwa da yawa. Yadda zan kwantar da shi rub-da-ciki a kan matashi don ya riƙa ɗaga kai. Yadda zan buɗe hannun nan a hankali daga babban yatsa, ba da ƙarfi ba. Ta kawo tsohon bokitin fenti ta yanke gefe ɗaya ta shimfiɗa tsumma a ciki, ya zama kujera. Yanzu yana zama a ciki yana kallon agwagi ta taga. Ta naɗa wa cokali tsumma ya yi kauri, shekaranjiya ya riƙe shi ya kai bakinsa. Rabin faten a kunne ya ƙare, amma ya kai. Kaka tana bakin ƙofa ta ce ɓarnar shinkafa kawai ake yi. Da daddare ban ga ta yi komai ba, amma da safe na tarar an wanke tsumman cokalin an shanya.

Gwaggo Sáu ta ce abin da take yi kaɗan ne, ita ba likita ba ce. Ƙafafunsa suna ƙara sanƙarewa, kuma yaro ba ya jiran manya su gama shawara.

Na tambaye ta, da ƙyar, me ya sa ba ta gajiya da mu. Ta ce ita ma a bayan gida ta tashi, kusa da kejin kaji, har ta kusa kai shekaruna ba ta san yadda bakin kogi yake ba. Ta ce mahaifiyarta ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa, kuma Kaka ma haka take, kada in riƙe ta a zuciya. Ta ce ƙofar da aka rufe saboda tsoro ba a ɓalle ta, zama ake yi a bakinta har mai gida ya gaji ya buɗe. Ina so in zama irinta, Mama, amma ni ko sannu ba na iya ce wa baƙo ba tare da na kalli ƙafata ba.

Ranar tunawa da rasuwar Baba ta matso. Mun fara jiƙa shinkafa mai danƙo. Kaka ta ce kamar kullum, ɗan Baffa Hai ne zai kunna turare a madadin ɗa, ni kuma in zauna da Lượm a ɗakin baya har baƙi su watse. Ta gayyaci Gwaggo Sáu, ta ce ai wadda ta feƙe maka tsintsiya damina guda ba ka ci ka hana ta ba.

Na san ranar za ta yi miki nauyi a can ke kaɗai. Zan kunna turare ɗaya da sunanki.

Taki,
Mận

Cồn Dứa, kashegarin ranar Baba

Mamata,

Ina fata kin tashi lafiya. Ban iya jira ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Jiya gida ya cika. An jera abinci a gaban hoton Baba, har da kifin nan da yake so a dafa a tukunyar ƙasa. Ina ɗakin baya da Lượm ina leƙe ta gefen labule. Kaka ta kunna turarenta, Baffa Hai ya yi, ɗansa ya yi a madadin ɗa, sauran dangi suka bi. Sai aka zo kan baƙi.

Gwaggo Sáu ta jingina sandarta ta karɓi turare da hannu biyu. Kin san kowa a cikin baki yake yin maganarsa da mamaci. Ita ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta ɓoye ba. Ta kira sunan Baba ta ce, "Yaya Tư, ban san ka ba, amma na san ɗanka. Goshinka ne da shi. Ya fara zama, ya fara kai cokali bakinsa, yana son agwagi. Ina jin ba a samu sukunin gaya maka ba, shi ya sa na ce bari in gaya maka." Ta sunkuya ta kafa turaren.

Baffa Hai, da ya riga ya sha giyar shinkafa, ya ce mata ita baƙuwa ce, an kira ta ta ci abinci ne ba ta shiga maganar gida ba. Ta ce gaskiyarsa ne, ta nemi gafarar Kaka, ta ɗauki sandarta ta fita ko loma ba ta kai ba. Muna jin injinta ya tashi.

Wata a cikin matan ta ce a zuba abinci kafin ya huce. Kaka ba ta motsa ba. Tana tsaye tana kallon hoton Baba. Ta daɗe. Sannan ta juyo ta nufo ɗakin baya. Na zaci faɗa za ta yi mini don na leƙa. Sai ta ce in matsa. Ta sunkuya ta ɗauki Lượm da kanta, ita da ta ce bayanta ba ya iyawa. Rigar gida ce a jikinsa, duk yawu a gaba. Na ɗauko tawul zan goge, ta ce in bari.

Ta fito da shi gaban kowa, kansa a kafaɗarta, ƙafafunsa suna reto. Baffa Hai ya ce, "Inna, me kike yi haka?" Ta ce, "Ɗan mutum zai gaida ubansa. Kai ka matsa." Hannunsa ya ƙi buɗuwa saboda tsoron mutane, sai ta sa turaren tsakanin yatsunsa ta rufe da nata hannun, suka sunkuya tare. Na ji tana cewa, "Tư, ga yaronka. Ka yafe wa uwarka."

Wasu matan suka yi kuka. Wasu suka kau da kai. Baffa Hai ya kwashi iyalinsa ya tafi. Kaka ta zaunar da Lượm a bokitinsa a tsakiyar tabarma, a nan ya ci abinci tare da kowa. Wata tsohuwa daga dangin Kaka ta yi ta kallonsa, ta ce ita fa ta ɗauka yaron ya rasu tun yana jariri.

Da aka watse Kaka ta naɗe abinci a ganyen ayaba, ta ce in kai wa wannan mai bakin tsiyar, in ce mata ta zo da kwale-kwalenta ranar da likitoci ke zama, kuma ta duba lokacin ruwa, kada ta sake maƙalewa.

Da na bi bakin kogi na tarar Gwaggo Sáu ba ta yi nisa ba, ta tsayar da kwale-kwalenta. Ta ce duk hanya tana tunanin ta ɓata komai. Ta zauna a bakin ruwa ta cinye abincin tas.

Ki sa mu a zuciyarki ranar.

'Yarki,
Mận

Cồn Dứa, ƙarshen damina

Zuwa ga Mamata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da tsohonki. Mama, an karɓi Lượm a gidan yaran nan na cikin gari.

Mun tafi da ruwan safe. Shi ne shigarsa kwale-kwale ta farko tun da aka dawo da shi daga asibiti yana jariri. Ya ji ƙarar inji ya firgita, daga baya iska ta bugi fuskarsa ya buɗe baki yana ta ihu na murna har muka isa. A kasuwa ni na goya shi, Kaka tana gaba, Gwaggo Sáu tana baya da sandarta. An kalle mu. Ni dai ƙasa nake kallo. Mai sayar da kifi ta tambayi Kaka yaron waye, Kaka ta ce jikanta ne, ɗan Tư, kuma kifin nan nata na jiya ne.

Kafin mu shiga wajen likita Gwaggo Sáu ta lalube jakar Kaka wai tana neman gyale. Kaka ta buge mata hannu. Likitar ta yi tambaya ɗaya tak, ko yana cin abinci da kansa, sai Kaka ta fara. Ta faɗi komai, tun daga zazzaɓin da ya yi yana jariri, da yadda yake ƙwarewa in ya sha ruwa, da yadda take tsoron ta mutu ta bar shi. Abubuwan da ni ma ban taɓa ji ba. Likitar ba ta katse ta ba. Sannan ta kwantar da shi ta duba shi gaɓa-gaɓa.

Ya fara zuwa gidan yaran wannan makon. Gwaggo Sáu ta haɗa mu da wani gida a ƙasan kogi da su ma suke kai 'yarsu, jirgi ɗaya suke shiga da Kaka. Keken sai nan gaba. Malamar da ke kula da shi a can ta ce kada mu sa rai da tafiya tukuna, amma suna so su gwada tsayar da shi a jikin wani katako. Baffa Hai har yanzu bai tako gidan ba, ban san yadda maganar auren ta kwana ba. Kaka ta ce zai zo in ya ji yunwa.

Gwaggo Sáu ta rage zuwa, gidajen da ke jiran ta suna da yawa. Ina kewarta. Ban iya yi mata godiya yadda ya kamata ba, na tsaya kawai ina riƙe da igiyar kwale-kwalen. Ta ce in saki, ta ji.

Kaka ta ba ni saƙo gare ki. Malamar ta ce kafin a tsayar da shi sai an samo masa takalma masu tauri da suka rufe idon sawu. Muka duba gidan kaf, sai muka ga ashe Lượm bai taɓa yin takalmi ba. Kaka ta ce ki sayo masa a can, masu kyau, kada ki sayi na banza. Ban san lambar ƙafarsa ba, don haka na ɗora ƙafar a bayan takardar nan na zagaya da biro. Ya yi ta motsi yana dariya, shi ya sa layin ya karkace. Ki juya ki gani. Ki ƙara kaɗan, yana girma.

Ki huta lafiya, Mama.

'Yarki da ke ƙaunarki,
Mận